Harafin da Na Ɓoye wa Baba Injiniya

Ba zan faɗi sunana ba, domin mahaifiyata tana raye, kuma kunyar da ta sha a kaina ta ishe ta. Ku dai ƙannena masu sha'awar aikin kwamfuta, maza da mata, ku ba ni aron hankalinku. Ni ba a haife ni ɓarawo ba. A Suleja aka yanke min cibiya, a gidan da ko biro ka tsinta a hanya sai an tsare ka da tambaya. Mahaifina tela ne, ya rasu ina aji biyar na sakandare. Da suyar ƙosai da damun kunu mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta ƙarasa min karatu har na samu difloma a fannin kwamfuta. Na dawo gida da takardata a cikin leda ina ji da kaina, sannan na share shekara biyu ina bin motocin Abuja da sassafe ina rarraba takardun neman aiki. Har masu gadin wasu ofisoshi suka san ni, in sun hango ni sai su ce, “Oga, har yanzu dai?”

Ina da shekara ashirin da shida wani maƙwabcinmu ya kai ni wurin Baba Injiniya. Tsohon ma'aikacin sadarwa ne, da ya yi ritaya ya buɗe shagon kwamfuta a bakin titi, ba nisa da kasuwa. Kwamfuta goma sha biyu ne a jere, duk 'yan gwanjo, amma ya sa musu manhajar Linux suna aiki lafiya lau. Mutane na zuwa cika fom ɗin neman aiki, da duba sakamakon jarrabawa, da buɗe imel. A kusa da ƙofa akwai teburin Madam Nkechi, wata mata Ibo da ta daɗe a Suleja, ita ke buga wa mutane takardu da firinta.

Ciwon suga ya riga ya fara cin idon Baba. Yana ganin mutum dishi-dishi, amma rubutun allo ya gagare shi. Ranar da aka kai ni ko takardata bai karɓa ba.

Ya ce, “Ɗana, ba mai gyara nake nema ba, gyara ko a duhu hannuna ya iya. Ido nake nema. Za ka zama idona?”

Na ce, “Zan zama, Baba.”

Wallahi a ranar da zuciya ɗaya na faɗa.

Abin da na koya a wurinsa cikin wata uku ban koye shi a makaranta ba cikin shekara biyu. Yakan ce kwamfuta kamar gidan haya take: hotuna da launukan da kake gani ƙofar gida ce da aka shafa wa fenti, in kana son sanin su wa ke kwana a ciki sai ka shiga ta baƙin allo. Baƙin allo shi ne inda ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye, babu hoto, babu danne-danne, daga kai sai haruffa. Ya koya min umarni mai harafi biyu, ps, wanda ke jero duk ayyukan da ke gudana a cikinta a wannan lokacin, kowanne da sunansa, da lambarsa, da mai shi. Ya koya min top, wanda ke nuna su suna motsi, ka ga wane ne ke cinye ƙarfin na'urar. In wani aiki ya ƙi ji, sai ka nemo lambarsa ka rubuta kill, ya mutu nan take. Na so aikin nan ƙwarai. In na zauna gaban baƙin allo ji nake kamar ni kaɗai aka buɗe wa ƙofar baya.

Ga yadda safiyarmu take. Daga teburin Baba ana iya leƙa cikin kowace kwamfuta a shagon. Ya rubuta wani ɗan gajeren umarni da ke tace jerin, ya bar layi ashirin da biyu a kowace. Kafin a buɗe ƙofa sai in zauna in karanta masa su da ƙarfi, kwamfuta bayan kwamfuta, shi kuma ya jingina da kujera ido a rufe yana ƙirgawa da yatsu. Ya haddace su kaf. In na tsallake ɗaya sai ya ɗaga hannu, in na maimaita ɗaya sai ya yi gyaran murya. In mun gama sai ya ce, “Akwai baƙo?” In ce, “Babu baƙo, Baba.” Ya ce, “To, buɗe ƙofa.”

Na taɓa ce masa wannan wahala ta yi yawa, sauran masu shago ba sa yi. Ya ce duk wanda ya zauna a kujerar nan ya rubuta lambar sirrinsa, ajiya ya ba shi, kuma shi ba zai tsaya gaban Allah ya ce ido ne ya hana shi tsaron ajiya ba. Saboda haka ne ma tsofaffi da 'yan fansho ba sa zuwa ko'ina sai wurinsa. Sunan da ya yi a garin nan gaba ɗaya a kan karatun safiyar nan ya tsaya, karatun kuwa a bakina yake.

Ɓarnata ta fara ne daga abin da ko sunan laifi ban ba shi ba. Jerin nan yana nuna har sunan takardar da mutum ya buɗe. Wata rana wata budurwa ta zauna a kwamfuta ta huɗu tana gyara takardar neman aikinta. Na ga sunan takardar a baƙin allo, na buɗe ta daga inda nake, na kwafi lambar wayarta. Da na kira ta ta tambaye ni inda na samu, na ce wata ƙawarta ce ta ba ni. Ta zage ni ta kashe waya, shi ke nan. Babu wanda ya sani, babu abin da ya faru, kuma wannan rashin faruwar komai shi ya cuce ni. Bayan nan wani abokina ya roƙe ni in gano masa da wa budurwarsa ke musayar saƙo in ta zo shagon. Na gano masa. Aka fasa auren, ni kuwa na ci tsiren da ya saya min har da lashe yatsu.

Ta bakin abokin nan labarina ya kai kunnen wani da ake kira Sumul. Tsofaffin wayoyi yake sayarwa a Madalla, kullum cikin shadda mai maiƙo, magana a bakinsa kamar an shafa mata mai. Ya zo wai zai buga takarda, ya ja ni waje gindin bishiyar da masu acaɓa ke tsayawa.

Ya ce, “Guy, kai fa ba ka san abin da ke hannunka ba. Kana nan kana karanta wa tsoho allo kamar mai biya hadda, sa'anninka suna Abuja suna hawa mota.”

Ya sa min wani ɗan filas a aljihu, irin 'yar ma'ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta. Ya ce a ciki akwai ƙaramin aiki da ke ɗaukar duk abin da mutum ya danna a kan madannai, ya aika masa. Ya ce, “Ba kai za ka taɓa kowa ba. Kai dai ka ba shi wurin zama, sauran namu ne. No wahala.”

Na ce zan yi tunani. Gaskiya ba tunanin halal da haram na yi ba, tunanin karatun safe na yi. Duk aikin da ke gudana sai ya fito a jerin. In na ƙara layi Baba zai ji ashirin da uku. In na tsallake shi ina karatu, to ranar da wani masani ya leƙa allon zai ga baƙon suna tsirara. Kwana uku filas ɗin yana aljihuna ina neman dabara.

Madam Nkechi ce ta ba ni dabarar ba tare da ta sani ba. Kun san mu Hausawa P da F abu ɗaya ne a bakinmu, shi ya sa muke da fensir da famfo da fasfo. Ni da Baba duk “fi-es” muke kiran umarnin nan na ps. Ran nan ta ji mu sai ta fashe da dariya ta ce, “Oga, shekara nawa kuna wannan aiki, har yanzu P ta fi ƙarfinku?” Baba ya yi dariya ya ce harshen da ya tsufa ba ya komawa makaranta. Ni kuwa ban yi dariya ba, wani abu ne ya faɗo min a rai.

A cikin layukan nan ashirin da biyu akwai wani mai suna cupsd, aikin da ke kula da firinta. Kwamfutocin kwastomomi ba sa bukatarsa, don duk bugu a teburin Madam ake yi, amma yana nan a jerin kuma Baba ya san shi. Na kashe shi a duka goma sha biyun, na dasa na Sumul a gurbinsa, na raɗa masa suna cufsd. Harafi ɗaya na canza. A bakina duka biyun “kafs-di” ne. Washegari na karanta, Baba ya ƙirga ashirin da biyu cif, ya ce akwai baƙo, na ce babu. Muryata ko rawa ba ta yi ba.

Ku ji irin wayon banzan da na riƙa yi wa kaina. Na ce ai ban yi ƙarya ba, abin da ke rubuce na karanta, laifin harshe ne ba nawa ba. Maganar babu baƙo kuwa, da aka yi mako guda sai na ce wanda ya kwana bakwai a gida ai ya tashi daga baƙo. Da wannan fatawar da na ba kaina na yi wata bakwai ina salla a sahu ɗaya da Baba, ina riƙe masa hannu in za mu tsallaka titi. Na sayi sabuwar waya da takalma. Inna ta dube ni ta ce, “Wannan albashin naka ya fara ƙiba.” Na ce aikin gefe nake samu. Ta ce Allah ya sa albarka, ta kuma yarda, don ban taɓa ba ta dalilin ƙin yarda ba.

Ban taɓa tambayar Sumul abin da yake yi da lambobin sirrin mutane ba, da gangan na ƙi tambaya. Amsar ce ta tako da ƙafarta har cikin shago. Akwai wata Malama Asabe, tsohuwar shugabar makarantar firamare, rabin manyan garin nan ta hannunta suka bi. Duk Asabar takan zo ta amsa saƙonnin tsofaffin ɗalibanta, tana danna haruffa da yatsa ɗaya. Wata safiya ta shigo mayafinta a karkace, tana kuka. An shiga imel ɗinta, an aika wa ɗalibanta saƙo da sunanta cewa tana kwance a asibiti za a yi mata tiyata, su taimaka. Sun kuwa taimaka, don suna ƙaunarta. Sai da wasu suka zo gida dubiya da lemo da ayaba suka tarar da ita tana shara a tsakar gida.

Ta ce, “Injiniya, shekara talatin da biyar ina koyarwa ban taɓa miƙa wa ɗalibi hannu ba. Yau an mai da ni maroƙiya da tsufana. Kuma ni ban taɓa buɗe abin nan a ko'ina ba sai a nan.”

Baba ya miƙe tsaye. Ya ce, “Malama, kowace safiya sai an karanta min abin da ke gudana a cikin na'urorin nan, layi bayan layi. In da ɓarawo, ba a shagona yake ba.” Ya laluba ya ɗora hannunsa a kafaɗata ya ce, “Ga idona nan, ki tambaye shi.”

Ta dube ni da jajayen idanu. Na ce, “Haka ne, Malama.” Har ruwa na kawo mata ta sha.

Ranar na hau mota na je Madalla na ce wa Sumul na fasa. Ya yi murmushi yana goge wata waya da hankici, ya ce, “Wa ya dasa shi, ni ko kai? In ta fashe, sunan wa za a gani?” Na dawo ban fasa ba. Amma kada ku ce tsoronsa ne kaɗai ya riƙe ni. Na san lambar aikin nan a kowace kwamfuta. Kill da lamba, daƙiƙa biyu, da ya mutu. Na sha rubuta umarnin in tsaya ina kallonsa, sai in goge. Na riga na saba da abin da ke shigowa aljihuna, kuma kwaɗayi ya fi tsoron yawa.

Ƙorafi ya ƙaru. Wani ɗan fansho, sannan wata mai neman aikin jinya, duk labari iri ɗaya. Baba ya rame, ya daina wasa da Madam. Ya mai da karatun sau biyu a rana, safe da bayan azahar. Wani lokaci in mun gama sai ya ce, “Ɗana, ko akwai abin da ya fi ƙarfin sanina ne? Zamani ya wuce ni ko?” In ce masa a'a, Baba, wataƙila ta wayoyinsu ake shiga. Ina kallon dattijon nan yana tuhumar iliminsa da tsufansa, bai taɓa tuhumata ba ko sau ɗaya.

Ana cikin haka kawuna ya rasu a Lambata. Na raka Inna, muka zauna har sadakar uku. Ban damu ba, don a zatona in ba ni babu karatu. Abin da ya faru a bayana daga bakin Madam Nkechi na ji shi, ranar da ta ba da shaida a kotu.

Baba ya ce ba za a buɗe ƙofa ba sai an karanta, ya kira ta ta zauna a kujerata. Ita ba ta san sunayen nan ba, ba ta san yadda ake furta su ba, don haka ta riƙa kiran haruffa ɗaya bayan ɗaya kamar 'yar aji ɗaya. Da ta iso layin ta ce, “C, U, F, S, D.”

Baba ya ce, “P.”

Ta ce, “No sir, na F.”

Ya ce, “Duba da kyau, Madam.”

Ta ce, “Oga, ni Ibo ce fa. In ban san komai ba na san P, na san F. Wannan F ne.”

Ya sa ta duba kwamfuta ta biyu, F. Ta uku, F. Har goma sha biyu. Sai ya riƙa faɗa mata abin da za ta rubuta harafi-harafi, tana karanta masa amsa, har suka kai ga inda aikin yake zaune, da ranar da aka dasa shi, da sunan wanda ya shiga ya dasa. Ta ce sunana ne ta karanto masa. Ya laluba bayan tebur ya zare wayar intanet da hannunsa, ya ce ta gaya wa duk wanda ya zo yau babu aiki.

Na dawo ranar Juma'a da safe. Na ga ƙofa a rufe, na shiga ta gefe. Madam ta amsa gaisuwata ba ta ɗago kai ba. Baba ya yi min ta'aziyya cikakkiya, ya tambayi Inna, ya tambayi iyalan mamaci, ya yi addu'a muka shafa. Sannan ya ce, “Zauna ka karanta.”

Na fara. Da na iso wurin na ce “kafs-di” zan wuce, sai ya ɗaga hannu.

Ya ce, “Tsaya. Kira min haruffansa.”

A wata bakwai ɗin nan bai taɓa tambayata haka ba. F ɗin tana gabana ƙuru-ƙuru, fara a kan baƙi. Na ce, “C, U, P, S, D.” Har leɓe na matse don P ɗin ta fito da kyau.

Ya ce, “Sake dubawa, ɗana. Ka sha hanya, wataƙila idonka ya gaji.”

Na ce, “P ce, Baba.”

Ya ce, “Don girman Allah, na tambaye ka na uku.”

Na dubi idanunsa da suka yi fari-fari, na tuna ba ya gani. Abin da na tuna ke nan, ƙannena, ba alherinsa ba. Na ce, “P ce.”

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Hawaye suka zubo masa har cikin gemu, bai share ba. Ya ce, “Kwana biyu ina roƙon Allah ka ce F. Da ka faɗa, da na kama hannunka mun bi mutanen nan gida-gida, in ce ɗana ne ya yi kuskure, ni na gaza tarbiyyarsa. Yanzu ban san wa zan ce musu kai ne ba.”

Na zube ƙasa na kama ƙafarsa ina ba shi haƙuri, amma lokacin ya riga ya wuce. Da kansa ya sa Madam ta kira jami'an yaƙi da zamba. Kafin su iso ya sa ta buga sanarwa da manyan haruffa, da Hausa da Turanci, cewa an saci lambobin sirrin jama'a a wannan shago, duk wanda ya taɓa amfani da shi ya gaggauta canza tasa. Madam ta roƙe shi kada ya sa sunansa a ƙasa, ta ce kasuwa za ta mutu. Ya ce a shagonsa aka yi, sunansa za a sa. Ina zaune a bayan motar jami'ai na ga ana manna ta a ƙofa.

Sumul ya ɓace, har yau ban san inda ya shiga ba. Ni na amsa laifina, aka yanke min shekara uku. Malama Asabe ta zo kotu, ba ta zage ni ba, ta dai dube ni ta ce, “Kai ne ka ba ni ruwa.” Na gwammace da marina ta yi.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Akwai cunkoso, akwai ƙaiƙayi, akwai abincin da sai ka rufe ido kake haɗiyewa, amma duk jiki yana sabawa. Abin da ban saba da shi ba shi ne zuwan Inna. Takan zo da ƙosai a ƙullin leda, ta zauna ta yi ta ba ni labarin unguwa, ba ta taɓa ɗago maganar ba. Daga bakin ƙanwata na ji cewa ta tashi daga bakin titin da ta shekara ashirin tana suya, ta koma lungu, don ta gaji da nuna ta da ake yi da baki. Ita ce kuma ta gaya min shagon Baba bai kai wata huɗu ba bayan tafiyata. Mutane sun yaba gaskiyarsa, amma babu wanda ya sake yarda ya zauna a kujerun nan. Ya sayar da kwamfutocin, idon ya ƙarasa rufewa, ya koma gidan 'yarsa a Maje. A can ciki na tuba, tuban da babu wata fatawa a cikinsa, na kira abin da na yi da sunansa: na ci amanar makaho.

Da aka sake ni, kwana biyu na yi a gida na nufi Maje. Garin ya canza, gonakin da na sani duk sun zama gidaje, sai da na yi ta tambaya. 'Yarsa, Anti Rabi, ita ta buɗe min ƙofa. Ta gane ni. Ta daɗe tana tsaye a bakin ƙofar kafin ta matsa. Baba yana zaune a tabarma a baranda, ya tsufa fiye da shekarun da suka wuce. Ina yin sallama ya ɗago kai ya kira sunana.

Na durƙusa na faɗi abin da na zo faɗa, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Ya bari har na gama. Ya ce, “Na yafe maka tun kana can. Ban so in mutu da kai a wuyana ba. Allah ya yafe mana gaba ɗaya.” Ya tambayi Inna, ya tambayi abin da zan yi yanzu. Har na fara ganin kamar komai ya gyaru.

Sai Anti Rabi ta kawo masa sabon maganin da aka rubuto daga asibiti. Ta karanta masa sunan da ke jikin kwalin, da yadda za a sha. Ya saurara, ya karɓi kwalin ya riƙe a hannu, ya ce, “To. Kira min matar maƙwabcinmu ita ma ta karanta.” Ta sa mayafi ta fita. Matar ta zo ta karanta abu ɗaya sak, sannan ya sha.

Da na tashi tafiya Anti Rabi ta raka ni bakin ƙofa. Ta ce, “Ka gani ko? Magani, wasiƙa, saƙon waya, komai sai mutum biyu sun karanta, kuma ba a gaban juna ba. Shekara arba'in ina 'yarsa bai taɓa shakkar maganata ba. Ba ya so, yana ba ni haƙuri kullum, ya ce zuciyarsa ce ta ƙi kwanciya.” Ta share ido da gefen mayafi ta ce, “Shi ya yafe maka. Ni ka ba ni lokaci.”

Yanzu gyaran wayoyi nake yi a wata 'yar rumfa, kuma duk wanda ya kawo tasa sai na ce ya tsaya a kaina har in gama. Ku da kuke koyon aikin nan, ku koye shi da kyau, aiki ne mai daraja. Ku iya ps, ku iya top, ku san kowane layi da ke gudana a na'urar da aka damƙa muku. Amma ku sani duk wanda ya ba ku ita ya ba ku ne don shi ba ya ganin abin da kuke gani, ko da idonsa biyu garau. Kada ku buɗe takardar da ba taku ba, ko da lambar waya ce kawai. Kada ku karɓi filas daga hannun mai zaƙin baki. In kun riga kun dasa wani abu, ku kashe shi yau, ku je ku faɗa da bakinku tun ana tambayarku da lallami. Ni shekara uku aka yanke min kuma na gama. Baba Injiniya yana can Maje a cikin duhu, 'yar cikinsa tana karanta masa magani yana jiran a kira maƙwabciya, kuma wannan babu ranar da zai ƙare.